Ranar da Alhaji Ramalan Ya Taya Mota

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Kibiya ya san rumfar Alhaji Ramalan. A cikinta mutumin ya yi ƙuruciya, a cikinta furfura ta same shi. Mahaifinsa manomi ne a Kahu, ya kuma so ɗan ya gaje shi, amma tun yana rako jakin gidansu kasuwa aka gane fartanya ba ta yi sa'ar mutum ba. Sai ya saki jakin ya je bayan dillalai ya tsaya baki buɗe, har a zo a ja shi da kunne.

Da ya girma sai ya shiga sayen dawa da gero da wake a hannun manoman Kahu da Lausu, ya tara ya kai Kano. Ciniki kuwa ba a magana. Ba ya ɗaga murya, ba ya rantsuwa, ba ya kushe kayan mutum. Zai tambayi lafiyar gida da ruwan bana, ya taya, sannan ya yi shiru yana kallonka. Shirun nan ya karya gwanaye ba iyaka. Matarsa Hajiya Jumai takan ce ko allura ta aike shi saye sai ta ɗora tuwo ta kwashe bai dawo ba, amma fa da allura biyu zai shigo.

To, shekaru ba su bar kowa ba. Yanar tsufa ta fara hawa idonsa, yana ɓoyewa, 'yan gida kuma suna yi kamar ba su lura ba. Sai 'ya'yan suka fara kewaye-kewaye: Baba ya huta mana, ga Uzairu. Uzairun nan shi ne ɗansa na biyu, kuma tun da ya gama sakandare a Rano yake zaune a bayan uban a rumfa. Yaron ya iya aiki, ba wanda ya musa. Amma kalmar hutu ɗin nan Alhaji ya tsane ta kamar ciwon haƙori.

Ana cikin haka tsohuwar a-kori-kurarsu ta gaji da duniya. Kullum a kan hanyar Rano take mutuwa, da kaya niƙi-niƙi a bayanta. Aka yanke shawarar a sayi sabuwa dal, daga kamfani, wadda ba wanda ya taɓa hawa. Uzairu ya buga waya wani kamfanin motoci a Kano, aka yi masa ɗan ragi, ya zo da murnarsa ya faɗa wa uban.

Alhaji ya dube shi. "Wannan ne ragin?"

"Baba, can ba kasuwa ba ce. Farashi a rubuce yake."

"Wanda ya rubuta ba mutum ba ne?" Ya juya wajen Hajiya Jumai. "Ki zama shaida. In ban sayo ta ƙasa da abin da aka faɗa masa ba, rumfa tasa ce. In na sayo, kada in ƙara jin maganar hutu a gidan nan."

Da hantsi suka isa kamfanin, shi da Uzairu. Wuri ne na gilashi ko'ina, sanyi kamar cikin randa, motoci a jere suna ƙyalli. Wata matashiya ce ta tarbe su, ta ce sunanta Mas'uda. Hausarta tana da ɗan tsami-tsami, don a Ikko ta tashi, a bakin iyayenta kawai ta koye ta, ba ta taɓa kai ta kasuwa ba.

Alhaji ya fara sana'arsa. Ya shafa wannan mota, ya ƙwanƙwasa waccan, ya zauna cikin wata ja wadda ko kyauta aka ba shi ba zai shiga Kibiya da ita ba. Ya sha shayin da aka kawo har kofi biyu. Ya tambayi iyayenta, ya tambayi asalinsu, ya yi musu addu'a. Cikin hirar ne ta saki baki ta ce motocin sabuwar shekara suna hanya, ba su ma san inda za su ajiye su ba. Alhaji ya kurɓi shayi kamar bai ji ba.

Ita ma fa ba kanwar lasa ba ce. Ta ce, "Baba, mu daina wahalar da juna. Farar can kake so. Tun da ka shigo ita kaɗai ce ba ka taɓa ba."

Daɗi ya kama Alhaji, don ya daɗe bai samu abokin karawa ba. "'Yata, wa ya koya miki wannan?"

"Aiki ne, Baba."

"To, zauna mu yi."

Ta faɗi kuɗi, ya yi dariya. Ta ce kamfani ne ya sa, ya ce kamfani ya sa don a fara magana ne. Ta sauko zuwa abin da aka faɗa wa Uzairu, ta ce nan ƙarfinta ya ƙare. Sai Alhaji ya taya ƙasa da haka da dubu ɗari bakwai, ya ce kuɗi a hannu, yau za a fitar da ita a samu wurin ajiye wata. Ya naɗe hannu ya yi shirunsa. Mas'uda ta jure, ta jure, ta ga dattijon nan zai iya kaiwa la'asar a haka. Ta tashi ta ce bari ta ga manaja.

Ta daɗe a ciki. Uzairu yana ta motsi a kujera, uban kuwa ko gezau. Can sai ga ta ta fito daga ofis, hasken gilashi a bayanta, tana tahowa da sauri.

"Baba, albarka!"

Wanda ya yi shekara hamsin a kasuwa ba ya tunani in ya ji kalmar nan. Albarka dai ita ce tayi bai kai ba, ƙara. Bakin Alhaji ya riga kansa.

"Na ƙara miliyan ɗaya."

Mas'uda ta tsaya cak. Uzairu kuwa ya ga abin da ya faru tun daga ƙofar ofis, ya kuma yi lissafin nan take: da ƙarin nan, kuɗin ya haura wanda aka faɗa masa a waya. In ya kame bakinsa, in yarinyar ta ce to, rumfa ta zama tasa, da shaidar mahaifiyarsa. Ya daɗe yana son rumfar nan, ba ƙarya. Amma da ya dubi uban zaune, ya gyara babbar riga yana jiran amsa da cikakken ƙarfin zuciya, sai tausayi ya kama shi.

Ya ce, "Malama, da kika ce albarka, me kike nufi?"

"Manaja ya yarda mana. Ina nufin Allah ya sa albarka. Ba haka ake cewa ba?"

Uzairu ya juya. "Baba, ka ji. Ciniki ya riga ya faɗa tun a tayin farko. Ƙarin ya zo bayan an gama, ba shi da wurin zama."

Alhaji ya dubi ɗansa, ya dubi Mas'uda. Sannan ya fashe da dariya har da buga gwiwa. "'Yata, kin kusa kashe ni da Hausa. A kasuwa in kin ce albarka, kin ƙi ke nan. In kin yarda, cewa za ki yi na sallama."

Kunya ta rufe ta, ta sa hannu a baki. "Wallahi ban sani ba. To, Baba, na sallama."

"Na karɓa. Saura gyara."

Ya ƙi tashi sai da aka cika masa tanki aka haɗa da shimfiɗun ƙafa. Da aka gama takardu ya sa mata albarka, irin wadda take nufi, ya ce duk ranar da ta gaji da gilashi ta zo Kibiya akwai aiki.

Uzairu ne ya tuƙo su, ledar kujeru tana ƙara a ƙarƙashinsu. Suka yi ta tafiya har duwatsun Rano suka fara bayyana. Sannan Alhaji ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Da ta fito daga ofishin nan, murmushi take yi?"

Uzairu ya so ya yi ƙarya, ya kasa. "Eh, Baba."

"Tun daga nesa?"

"Tun daga ƙofa. Har haƙoranta a waje."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Ban gani ba. Mai sayarwa ta taho da sallama a fuskarta, ni ina zaune ina jiran bakinta." Abin ya yi masa ciwo, bai kuma ɓoye ba. Ya share gefen idonsa da hannun riga. "Ranar kasuwa kai za ka zauna a gaba. Ni zan koma baya."

"Baba, ai kai ka ci. Ƙasa da nawa ka sayo ta."

"Na san na ci. Shi ya sa nake ba ka da hannuna, ba wanda ya karɓa." Ya shafa gaban motar a hankali. "Kuma na ji lokacin da ya kamata ka yi shiru ka ƙi yi. Kunnena bai mutu ba."

Ƙwalla ta taru a idon Uzairu, hanya ta fara yi masa dishi-dishi.

"Rage gudu," in ji Alhaji. "Sabuwa ce."