Ninkin Baba

Tun tana ƙarama ake kiranta Daidaita a gidansu, kuma ita ta jawo wa kanta. Yarinya ce da ba ta iya wuce takalma a bakin ƙofa sai ta tsaya ta jera su, abinci ma ba ya shiga mata idan kalandar bango ta karkace. Mahaifinta, wanda direban bas ne a lokacin, shi ya laƙaba mata sunan. Sunan kuwa ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya bi ta har gidan jaridar da ta samu aikin tsara shafi, inda ciwon nata ya zama sana'a.

'Yan rahoto su kawo labari, masu ɗaukar hoto su kawo hoto, ita kuma ta zauna gaban kwamfuta ta raba wa kowa wuri: wannan kanu ya hau sama, wancan hoto a rage shi, labarin da ya yi tsawo ya ƙarasa a shafi na gaba. Sunanta ba ya fitowa ko'ina a jaridar, ba wanda ya san da ita sai Baba. A tasha, kafin mota ta cika, sai ya ninke jaridar biyu, ya ƙara ninkewa, ya ɗora kan sitiyari yana karatu yana gardama da masu rubutun. Duk fasinjan da tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya ji: "Ka ga shafin nan? 'Yata ce ta jera shi."

Da girma ya kama shi ya ajiye tuƙi, sai idanu suka fara ja baya. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, an sauya tabarau, an sake sauyawa, amma ƙananan haruffan jarida suka gagare shi. Daidaita ta riƙa biyawa ta gidan bayan ta tashi aiki tana karanta masa. Yakan saurara da haƙuri, ya sa mata albarka, sai dai gardamar nan ta mutu. Wata rana ya ce, "Kina ƙoƙari, 'yar nan. Amma a karanta maka, kamar a tauna maka abinci ne." Maganar ta tsaya mata a rai.

Shi ya sa ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin tsara jarida, da furfurarta a gaban goshi. Maigidanta ya sha dariya. "Ke da 'yarki ke jami'a? To wa zai riƙa sa wa wani hannu a sakamako?" Amma shi ne ke sauke ta a ƙofar makaranta, yana tuna mata kada ta manta da biro. A aji ita ce Mama. 'Yan ajin sun fi ta saurin hannu a kwamfuta, ita kuma ta fi su ganin layin da ya kauce, sai aka yi zaman taimakon juna.

Da aka zo zaɓen aikin kammalawa ba ta yi dogon tunani ba: jarida don masu raunin gani. Ta karanci kaurin harafi, da tazarar layi, da yadda farin fili ke hutar da ido. Ta fitar da shafuka masu manyan kanu da hoto a tsakiya, aka manna su a bangon ɗakin aiki, kowa ya ja da baya yana kallo. Dakta, malamar da ke duba aikinta, mace ce da ba ta da arhar yabo, amma ranar ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ya isa a kai gaban kwamiti."

Daidaita ta ɗauko shafin ta nufi gida zuciyarta fari tas. Baba yana kan kujerarsa a bakin taga. Ya karɓa, ya shafa takardar, ya ninke biyu, ya ƙara ninkewa, ya kai kusa da idonsa na dama mai ɗan sauran ƙarfi. Nan ta ga matsalar. Ninkin ya raba kanun gida biyu, ya yanke labarin a tsakiyar jimla. Baba ya juya takardar yana neman ƙarashen, ya buɗe, layin ya ɓace masa, ya sake ninkewa. Can sai ya ajiye a cinya.

"Ta yi kyau sosai," in ji shi. "Karanta mini."

Ta karanta masa. Masu sana'arta a shimfiɗe suke kallon shafi, a fuskar kwamfuta ko a bango. Ita da ta tashi tana ganin ninkin nan kan sitiyari, ita ma ta manta yadda ubanta ke riƙe jarida, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Washegari ta roƙi Dakta a ɗaga mata ranar kare aikin.

"Mama, kin san sai zango mai zuwa ke nan? 'Yan ajinki za su fita su bar ki."

"Na sani, Dakta. Wanda na yi wa aikin ne bai iya karantawa ba."

Dakta ta ce ta je ta gyara.

Ta rushe komai ta sake lale. Ta bar farar hanya a duk inda ninki zai bi, ta sa kowane ɓangare cikin huɗun da ninki ke fitarwa ya ɗauki labari guda daga farko har ƙarshe, ba ci gaba a wani shafi. Manyan kanun da take ji da su suka tafi, hoton tsakiya ya tafi. A buɗe, shafin ya koma kamar taga mai gilashi huɗu. Maigidanta ya leƙa ya ce, "Kai, wannan karon kyau ya yi tafiya." Ita ma idonta bai so shi ba, amma ta daure.

Da hantsi ta kai wa Baba. Ya ninke, ya ƙara ninkewa, ya kai kusa da ido. Ta tsaya a gefe tana murza bakin mayafinta. Leɓunansa suka fara motsi. Ya juya zuwa ɓangare na biyu bai nemi komai ba. Sai ya ja wani dogon tsaki, ta matso da sauri.

"Baba, harafin ne? Zan iya ƙara masa kauri, ka ga a nan na bar…"

"Wai sun gyara hanyar tasha! Ƙarya suke, wallahi ramukan nan sun girme ki." Ya ɗaga mata hannu, idonsa na kan takarda. "Ke kuma yi mini shiru mana, Daidaita. Ba kya ganin karatu nake?"