Almakashin Goggo a Bayana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Goggo, yayar mahaifina, telar da ta ɗinka wa rabin layinmu sutura.

Goggo, kin san yadda na zo hannunki. Ina zaune na ba ƙofa baya 'yan fashi suka ɓalle ta, suka harbe mijina. Tun daga ranar ban ƙara juya wa ƙofa baya ba. Ko a banɗaki idona na kan sakata. Kowa ya ce in yi haƙuri, ke kuwa kika ce in zo shago in kama miki aiki.

Kin ajiye mini keken ɗinki yana fuskantar ƙofa, ba ki yi mini wa'azi ba. Da na zabura don labule ya motsa, kika ce, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, 'yar nan, ga tsummoki cike da shago, ina za ki?" Ranar na fara dariya.

Kullum da safe sai in tarar kin ɗan karkata keken. Na gani, na ci gaba da ɗinkina. Aka kwashe watanni, har ƙofar ta koma bayana. Sai kika riƙa tsayawa a bakinta kina kaɗa almakashi, ƙyas-ƙyas, don in san ke ce a wurin. Kika ce, "Tsoron zai zo. Ki bar shi ya zauna, ki ci gaba da taka keke."

Ranar Talatar nan kina asibiti, ni kaɗai ce a shago. Bayan azahar tsoron ya zo. Sai na ji ƙyas-ƙyas a bayana. Na ce a raina an sallamo ki, kin zo tsokana. Ban waiwaya ba, na ɗinke rigar har ƙasa, hankalina kwance. Da la'asar Baba ya shigo, ya ce tun hantsi kika cika. Na duba teburin gabana. Almakashinki na nan inda na ajiye shi da safe.

Ban san abin da na ji ba, Goggo, Allah ne masani. Na dai ji tsoron kada lafiyar da kika samo mini ta tafi tare da ke.

Jiya na buɗe shagon. Na zauna, ƙofa a bayana, na kasa kunne. Shiru. Tsoron ya zo, na bar shi ya zauna, na taka keke har la'asar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya tsare miki gaba da baya kamar yadda kika tsare nawa. Ni da Baba da 'ya'yanki da jikokinki, Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.