Filin da Inna Ta Hana Kiwo

Bayan rugarmu, can gaba da Shabu, akwai wani fili da aka kewaye da ƙaya. Ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau, amma ko ɗan maraƙi ba a bari ya leƙa. Kakarmu, wadda muke kira Inna, da bakinta take gadinsa. Idan mun gama cin tuwo sai ta ƙara tura itace cikin murhu, ta harare ni ta ce, "Matso nan, mijin banza, ko zane ba ka taɓa saya mini ba. Ga ta nan, wanda ya yi gyangyaɗi shi ya sani."

Wannan tatsuniyar ban taɓa son ta ba, don babu abin dariya a cikinta. Wai wata cuta ce ta kashe saniya, aka binne saniyar, abinci ya ƙare wa cutar. Sai ta dunƙule cikin ɓawo ta kwanta a ƙasa kamar matacciya. Wutar daji ta bi ta kanta, ba ta motsa ba. Damina ta zo ta wuce, mai saniyar ya tsufa ya rasu, jikokinsa suka manta. Wata shekara rani ya yi tsanani, wata karsana ta kai baki har ƙasa tana tsintar ciyawa, ta haɗiye cutar.

"Da ta ji ɗumin jini," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa, "sai ta ce ashe an sauke tukunya. Ta fasa ɓawo. Kafin la'asar karsana ta faɗi, baƙin jini na fita ta hanci."

Na taɓa tambayarta yaushe cutar za ta mutu. Ta ce, "Ni dai ban ga ranar ba."

Sai da na karanta lafiyar dabbobi na gane ciwon saifa take nufi. Ƙwayar cutar kan yi shekaru aru-aru cikin ɓawonta, ba ci ba sha, amma tana iya ɗanɗanon abin da ke kewaye da ita. Da zarar ta ɗanɗani abincin da ke jikin dabba, sai ta zuƙi ruwa, ta yar da ɓawon, ta shiga hayayyafa. Tun Inna na budurwa aka binne irin wannan saniyar a filin nan mai ƙaya.

Yanzu Inna ta rasu, gidaje sun cinye makiyaya, ƙayar kuma an yi girki da ita. Watan jiya na tarar da shanun yayana Buba a tsakiyar filin.

Na ce, "Yaya, don Allah ka fitar da su."

Ya ce, "To dokta, nuna mini wata ciyawar."

Ba ni da ita. Na yi wa garken allurar rigakafi, na dawo garin Lafiya raina a jagule. Abin da ke cina shi ne, tsohuwar da ba ta san ko bihim ba ta tsare wurin nan shekara da shekaru, ni kuwa da takardata na kasa tsare shi rani ɗaya. Shanun nan su ne duk abin da Buba ya mallaka, su ke ciyar da 'ya'yansa. Duk sanda na ga sunansa a wayata, sai in ɗauka da fargabar jin cewa wata saniya ta faɗi.