Wasan Bankwana na Kyaftin Bitrus

Har yau ban manta da ranar da muka yi wa Mista Bitrus wasan bankwana ba. A lokacin ni ne mataimakin malamin wasanni a wata sakandaren kwana ta maza tsakanin Gwarzo da Kabo, shi kuma yana koyar da labarin ƙasa. Mutumin Filato ne, dogo, yana ɗan ɗingishi saboda ciwon gwiwa. Kowa Kyaftin yake ce masa, domin da ƙuruciyarsa ya daɗe yana buga wa ƙasa wasan kurket, har aka ba shi shugabancin ƙungiyar, ya kai ta Gana da Gambiya da Saliyo.

Ku da kuka kama aiki kwanan nan ba ku tarar da kurket ba, bari in ɗan fayyace. Ana kafa turaku uku, mai bugu ya tsaya gabansu da sanda mai faɗi, mai jifa ya auno su da ƙwallo. In ƙwallo ta daki turakun, ko ta taɓa sanda aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita ke nan.

Ya zo mana ne a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ko alli sai an yi rabo. Bai jira kaya daga ma'aikata ba. Wani kafinta a Kabo ya sassaƙa masa sanduna, turaku kuwa daga darbejiyar bayan aji muka sara. Yaran ƙauyukan Gude da Kutama, waɗanda hannunsu ya saba da fartanya, suka zama gwanayen bugu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, jita-jita ta yi yawa. Babu wanda ya ɗaga masa yatsa a garin, amma danginsa suka matsa, maiɗakinsa ta kwashe yara ta yi gaba, shi ma ya nemi ritaya. Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce, "Malam Habu, mutumin nan ba zai tafi haka kawai ba. Ka shirya wasa, malamai da ɗalibai."

Ranar Asabar da hantsi aka fara, ni ne alƙali. Ɗalibai suka fara bugu, suka tara maki mai yawa. Da aka zo kan malamai, duk mun zaci Kyaftin zai fara shiga, sai ya tura Malam Sani mai koyar da Larabci, ya ajiye kansa a ƙarshe. Malamai suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya. Da Kyaftin ya shigo, fili ya kaure da ihu. Ya yi bugu irin wanda ban taɓa gani ba, ba ƙarfi, ba gaggawa, ƙwallo sai ta bi inda babu kowa. Saura ƙiris malamai su ci.

Sai wata ƙwallo ta wuce daf da sandarsa, ɗalibin da ke tsaron bayan turaku ya cafe. Ban ji ƙara ba, ɗaliban ma ba su dage wajen neman hukunci ba. Na girgiza kai na ce bai fita ba. Kyaftin ya saka sanda a hammata ya kama hanya.

"Kyaftin, ai ban fitar da kai ba!" in ji ni.

Ya ce, "Ta taɓa, Malam Habu. Ni na ji a hannuna."

Malamai suka sha kashi. Muna tattara turaku na ce masa, "Haba Kyaftin, ko a wasanka na ƙarshe?" Ya yi dariya, ya ce haka ya taɓa yi a Gana, suka rasa wasan, abokansa suka ƙi yi masa magana har suka sauka Legas, kuma daga wannan tafiyar ba a sake ba shi shugabanci ba. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, "Na yi kewar wasan. Amma barci nake yi lafiya."

Washegari Malam Sani ne ya ɗauki akwatinsa har tashar Gwarzo, yana ta cewa, "Allah ya kiyaye hanya, Kyaftin, ka yafe mu." Ba mu sake ganinsa ba.

Na yi shekaru ina koya wa yara dokokin wasa kafin in gane cewa alƙali ba ya jin komai da komai. A aikin nan namu, yaro ba ya ɗaukar abin da ka faɗa masa a aji kamar yadda yake ɗaukar abin da ya ga ka yi a ranar da gaskiya za ta kayar da kai.