Garkuwar da Filaya Ya Bari

Yayata tela ce, kuma duk wanda ya ce mata wasan waya na yara ne, to ya gyara zama ya sha magana. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, tsakanin mai aski da mai sayar da kayan famfo. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga da igiyarsa ta sha naɗin salatif, sai wani kwalin zare da take jingina waya a jikinsa. Ita ta raine ni, don haka na san hannunta tun daga dundu har zuwa ɗinki.

Mijinta ne ya jawo ta cikin wasan. Mai haɗa wutar lantarki ne, ana ce masa Filaya saboda ba ya rabuwa da filayar aikinsa a aljihun baya, kujerun gidansu duk sun shaida. Wasan irin wanda ake haɗa ƙungiya ne, kowa da ɗan mutuminsa a allo, a shiga daji a yaƙi dodanni. A kan teburin yankan nan su biyu suka kafa tasu ƙungiyar. Daga baya suka jawo ni, suka jawo mai askin da ke maƙwabtaka, da wasu mutum biyu da muryarsu kawai muka sani.

Bari in yi bayani, don kada a ce ina magana a dunƙule. A ƙarƙashin layin ran kowane ɗan wasa akwai ƙananan alamomi. Jajaye cuta ce da dodo ya jefa maka: guba mai cin rai a hankali, barci, makanta, da sauran tarkace. Koraye kuwa tagomashi ne da ɗan'uwa ya saka maka, ƙarin ƙarfi ko sauri ko kariya. Yaya ce mai maganinmu. Mu muna sara da suka kamar mahaukata, ita idonta na kan alamomin nan. Ta san wa za a fara cire wa guba, wa zai iya jurewa, wa ya kamata a bar shi ya yi barcinsa don ya fi amfani a kwance. Wannan na ƙarshen yawanci ni ne.

Akwai kuma kwalba guda da ake kira wankin tas. Idan aka watsa maka ita, ja da kore duk sai su tafi, ba ta tambayar wanne ne naka. Yaya ta tsane ta tun fil'azal. Cewa take yi maganin malalata ne, kamar telan da zai yaga riga gaba ɗaya don maɓalli ɗaya ya karkace.

Filaya mai garkuwa ne a wasan. Irinsu suna da wani tagomashi da ake saka wa mutum ɗaya tak, garkuwar amana. Ba ta da agogo. Tana nan har sai an wanke ta, ko ɗan mutumin ya mutu. Idan ka taɓa alamar, sunan wanda ya saka maka ne zai fito. Kullum kafin a shiga daji sai ya saka wa Yaya, yana tsokanarta wai ya biya harajin gida.

Wata safiya ya fita aiki, zuciya ta tsaya masa a kan tsani. Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganin Yaya ta yi shiru irin na lokacin ba, kuma wallahi shirun nan ya fi faɗanta ban tsoro. Ta daɗe ba ta taɓa wasan ba. Ranar da ta buɗe, ina zaune a shagon ina jiran ta rage mini wando. Sai na ga ta kafe allo da ido. Ta miƙo mini wayar. Ga koriyar alama a ƙarƙashin layin ranta, ta taɓa, ga sunan Filaya.

Daga ranar ta canja salon wasa. Ɗan mutuminta bai sake mutuwa ba, ko sau ɗaya. Ta koyi tsayawa inda wuta ba ta kaiwa, ta koyi ja da baya ba tare da ta bar kowa ba magani ba. Sai ma iyawarta ta fi ta da, don yanzu tana da abin tsoro.

Ana cikin haka dodon fadama ya jefa mata sarƙa. Sarƙa ja ce, tana rage saurin mutum rabi, tafiyarsa da haɗa maganinsa duka, kuma ba ta ƙarewa da kanta. Maganinta ɗaya ne a duk wasan, wankin tas.

Yaya ta ce ba za ta wanke ba.

Da farko kowa ya ƙyale ta, don kunya. Ita kuwa ta duƙufa. Tunda hannunta a wasan ya yi nauyi, sai ta koma fara haɗa magani kafin cutar ta sauka. Tana kallon kafaɗar dodo, da ya ɗaga ta hagu ta san guba ce tafe, maganin na kan hanya tun kafin a yi ihu. Ta daina ɗaukar takobi, ta cika jakarta da ƙananan kwalabe, kowace cuta da tata. Amma ba zan yi ƙarya ba, sarƙa sarƙa ce. Idan aka ce a ruga, mukan isa mu tsaya muna jiranta tana jan ƙafa. Akwai faɗan da muka sha kashi saboda maganin ya iso a makare.

Mai aski ba mugu ba ne, baki ne da shi da son a ce ya iya. Bayan Filaya shi yake jan gaba, kuma ransa na kan babban dodon hasumiya, wanda ba mu taɓa kayarwa ba. Wata rana ya shigo shagon da tawul a kafaɗa, ya yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda kowa ya san da magana a bayanta. Ya ce shi ma abokinsa ne, shi ma yana kewarsa. Ya ce ai alama ce kawai a allo, kuma mamaci addu'a yake buƙata. Ya ce mutum biyar ba za su zauna suna ɗingishi saboda ɗigon kore ɗaya ba.

Yaya ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba. Sai da ta kai ƙarshen layin ɗinkin, ta yanke zare da haƙori.

"Addu'a ina yi, ba sai ka tuna mini ba," ta ce. "Kai dai ka daina tsayawa cikin guba kamar an dasa ka, ka ga ko za mu yi ɗingishi."

Ya fita yana ƙunƙuni. Ni kuwa na yi dariya har ta jefe ni da alli.

Aka sa ranar hasumiya, da yamma bayan ciniki ya lafa. Ina shagonta, mai aski na nasa, bango ɗaya tsakaninmu, kowa da abin ji a kunne. Faɗa ya yi kyau da farko. Yaya na ta rabon magani, tana kiran kowa da laifinsa. Ran dodon ya kusa rabi sai ya buɗe ƙasa, dole kowa ya ruga ɗaya gefen. Muka ruga. Yaya na baya tana jan sarƙa, kuma muddin ba ta iso ba, maganinta ba ya kai mana. Guba ta hau mutum uku. Mai aski ya fara ihu ta wanke, ta wanke. Ta ce a jira ta, tana zuwa.

Sai na ga ɗan mutuminsa ya juya baya, ya bar dodon, ya nufo ta. A hannunsa ga farar kwalba. A dokar wasan, duk ɗan ƙungiyarku zai iya watsa maka wankin tas, ko ka so ko ka ƙi. Na miƙe zan zagaya shagonsa in ƙwace wayar, amma ina, kafin in kai ƙofa ai an gama.

"Ki yi haƙuri, Yaya," ya ce a kunnenmu. "Gobe za ki gode mini."

Yaya ba ta zage shi ba. Ta kai yatsa kusurwar allo, ta danna fita daga ƙungiya. Wasan ya tambaye ta ko ta tabbata, tunda ita ce ta rage cikin waɗanda suka kafa ta, kuma idan ta fita jagoranci ya koma hannun wani. Ta danna e. Kwalbar ta fashe a inda take tsaye, ruwan ya bi ta jikinta ya wuce, don ba ya kama bare.

Wasan ya wurgo ta wajen hasumiya ita kaɗai, da sarƙa a ƙafa, da gubar da ta kwaso, ranta saura ƙiris. Idan ta faɗi a nan, garkuwar ta tafi. Na fita daga ƙungiyar ni ma, na faɗo kusa da ita, na tsaya tsakaninta da ƙananan dodannin hanya. Ta sha maganin guba, ta jira layin ya daina raguwa, sannan muka kama hanyar garin wasan, inda dodanni ba sa shiga. Tafiyar da nake yi a ruge, ranar da rarrafe muka yi ta.

Muna shiga ƙofar garin sai ga mai aski a bakin shagon Yaya, ido ja, dodon ya gama da su. Ya ce ta watsar da ƙungiyar da ita da mijinta suka gina, saboda taurin kai.

"Ƙungiya na bar maka, ka ji daɗinta," in ji Yaya. "Wannan kuwa ba kai ka saka ba, ba kai za ka cire ba."

Ba a yi mako ba mai aski ya share sunan Filaya daga cikin 'yan ƙungiya, wai yana neman gurbi don sabon mai magani. Ni na kawo mata labarin, ina huci, ina jiran ta tashi mu je mu yi ta ta ƙare. Ta ce in zauna. Ta ɗauko wayar daga jikin kwalin zare, ta taɓa koriyar alamar da ke kusa da jar sarƙa, ta daɗe tana kallo. A duk faɗin wasan, nan kaɗai sunansa ya rage.

"Ɗauki takobinka, Auta," ta ce. "Za mu fadama. Kuma kada ka yi sauri."