Yankin da Aka Hana Taki

Faɗan da na taɓa yi da Auta, ƙanin mijina, a kan kashin awaki ne. Na fito da safe na tarar da shi a garkena yana cika buhu, ko sallama babu.

"Auta, sata ka koma da furfurarka?"

"Haba matar Yaya, kashi ne fa."

"Kashin ma da mai shi. Ina za ka kai?"

Ya ci gaba da cika buhunsa, ni kuwa na riga na sani. Gidanmu jingine yake da shingen wayar gonar jami'a, inda yake lebura tun bai ajiye gemu ba. An yanka gonar yanki-yanki, kowanne da turkensa da allonsa. Wannan a zuba masa takin zamani, wancan ruɓaɓɓiyar ciyawa, wani a shuka wake a tsakanin masara. Akwai ɗaya a kusurwa da aka ce kada a ba shi komai, shekara da shekaru, don da shi ake auna sauran. Ban taɓa zama a aji ba, amma wannan kam na gane: in duk an ba su, da me za a gwada?

Auta ma ya gane, zuciyarsa ce ta ƙi. Mutum ne da ba ya wuce tsiro bai duƙa ba. Masarar kusurwar nan rawaya ce, siririya, goyonta bai fi yatsa ba. Wai kunya yake ji in baƙi sun zo, kada a ce hannunsa ne.

Na ce, "Ranar da Malama mai binciken gonar ta gane, aikin ya tafi, ga 'ya'ya cike da gida. Ni ba zan ciyar muku ba." Na ƙwace buhun. Ashe garken maƙwabta ya koma, yana zuba wa kusurwar a ɓoye.

Damina ta zauna, kusurwa ta yi kore shar. Malamar da ke binciken, yarinya mai haƙuri da ke neman digirinta na ƙarshe da gonar, ta yi ta zagaye da ma'auni tana murna, wai ƙasa ta farfaɗo da kanta. Har ta fara zancen tara manoma a gaya musu. A nan Auta ya daina taɓa abinci. Ya je ofis, ya cire hula, ya faɗa da bakinsa.

Aikin shekaru ya tashi a banza, sai da aka sake ware sabon yanki. An ce Malama ta kulle ƙofa ta yi kukanta, amma ba ta bari an kore shi ba. Ɗakin ajiyar iri aka mayar da shi, siminti sama da ƙasa, yana goge kwalabe yana korar ɓera. A can ya ƙare har ritaya. Gonar kuwa sai dai ya leƙa ta wayar gidana.

Rabona da shi tun ranar da babbar 'yarsa ta zo ɗaukarsa zuwa garin da take aure. Ya tsaya a bakin garke, wannan karon da sallama. Wai akwai fili a bayan gidanta.

"Matar Yaya, ko buhu ɗaya?"

Na ce, "Ɗebi biyu. Amma kafin ka zuba, ka tambayi 'yar taka ko akwai kusurwar da ta ware."