Lambun da Yaya Sale Ya Hana Masu Laifi Shiga

Shekara bakwai ke nan da motar da ta ɗauko Yaya Sale daga Funtuwa ta kife kafin Faskari. Mutane na ce mani zafin rashi yana raguwa. Ni dai ban ga abin da ya ragu ba.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya koyar da ni a firamaren ƙauyenmu, kusa da Mabai. A bayan aji ya kafa lambu: yakuwa, alayyafo, kabewa, wake, da zogale jikin darni. Kowane yaro da ɗan fangalinsa da yake ba ruwa. Ranar Alhamis a tsinko, a dafa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, mu ci a inuwa. Kafin a sa hannu sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya ja fatar ido ƙasa ya leƙa. In ya ga fari fat ya ce, "Ke, jininki ya tafi yawo. A ƙara mata ganye."

A kowace makaranta, yaro in ya yi laifi hauya ake miƙa mashi. Wurin Yaya kuwa, mai laifi shi ake hana shiga lambu. Ka tsaya bayan darni kana kallo, wani na shayar da shukarka. Na ga ƙaton ɗan aji bakwai yana kuka da majina a kan haka.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Kuɗin fetur sun shigo, samari sun ajiye noma sun tafi Kaduna leburanci, kasuwar Ƙanƙara ta cika da shinkafar waje da madarar gwangwani. Inda lambun yake an gina azuzuwa. Yara sun yi yawa, ban ce kar a gina ba. Amma hauya ta koma hannun masu laifi.

Ɗiyarsa Hajara tana goye ya rasu. Uwarta ta yi aure a Sabuwa, yarinyar na hannuna, aji biyu take. Burodi da shayi take so. Ganye kuwa, in ji ta, abincin awaki ne. Kwanan baya na ja idonta, na ga farin nan. Ni ba ni da haƙurinsa, tsawa na iya, kuma tsawa ba ta sa yaro haɗiye zogale.

Abin da ya rage na Yaya yana gidajen waɗanda ya koyar. Na san mata a Ketare da ba su ɗora tukunya ba ganye, ka tambaye su, su ce Malam Sale. Ɗiyar cikinsa ce ba ta samu komai ba.

Sai na gyara wuri bayan ɗaki na shuka alayyafo. Shekaranjiya ta dawo daga makaranta ta iske ni duƙe da hauya. Ta ajiye jaka, ta matso da tausayi.

"Goggo, wane laifi kika yi?"

Na ce, "Ban yi laifi ba. Shi ya sa aka bar ni na shigo."

Ta kalle ni, ba ta gane ba, ta shige ɗaki.

Yaya, kai ka san yadda ake sa yaro ya gane. Wannan ne ba ka tsaya ka koya mani ba. Allah ya kai haske kabarinka.